Yadin ya yi mini yawa a hannu: yadda ake riƙon babban aikin ɗinkin kuros

"Assalamu alaikum Anti, don Allah shawara nike nema, daga Jega nike. Na ɗauko wani babban aikin ɗinkin kuros, wanda ake gicciya zare kamar X a kowane gida na yadi, hoton masallacin Madina, gida 420 a faɗi 280 a tsaye, yadin Aida, irin mai ramuka a jere gida-gida, mai lamba 14, so nike in gama in ba Innarmu ta rataye a ɗakinta. Wata biyu ke nan da farawa amma yadin ya ishe ni, yana jan ƙasa, gefensa sai zarewa yake, ɗan zoben katakon da nike aiki da shi ya bar mini da'irar datti, jiya kuma na tarar na haɗe jelar yadin da bayan aikin na ɗinke, sai da na warware wajen gida 60. Ga wuyan hannuna na hagu yana ciwo. In sayi irin firem ɗin nan da nike gani a bidiyo ne ko akwai wata dabara?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka da kinka tuna da Inna da irin wanga aiki. Na karanta saƙonki har sau biyu. Abu biyar kinka lissafa, jan ƙasa, zarewar gefe, da'irar datti, ɗinke jela da ciwon hannu, amma ni a ganina duk uwarsu ɗaya, wato hannunki na hagu shi kaɗai kinka bar wa dakon yadin gaba ɗaya, alhali wurin da allura ke shiga da fita bai wuce tafin hannu ba. In kinka samo wa sauran yadin wurin zama, da firem ko ba firem, galibin abubuwan nan za su kau.

Mu fara da lissafi don ki san girman abin da ke kan cinyarki. Lamba 14 ɗin nan na nufin gida 14 ne a kowane inci ɗaya, to gida 420 in kinka raba da 14 inci 30 ke nan, 280 kuma inci 20. Ƙa'idar da muke bi ita ce a bar inci 3 fili a kowane gefe saboda mai sa gilashi ya samu abin kamawa, ke nan yadinki ya kamata ya kai inci 36 da 26, wato yadi guda cif a faɗi. In kuma hoton cike yake ba fili ko kaɗan, gida 117,600 ne za ki cika ɗaya bayan ɗaya, ko kina yin 500 kullum ba fashi sai kin yi kusan wata takwas. Ba don in karya miki gwiwa na kawo wannan ba, so nike ki gane yadin nan zai ga ƙarshen damina a hannunki, ya ga hunturu, wataƙila har ya ga bazara, kuma kullum nauyi yake ƙarawa don zare na hawa kansa. Riƙon da ya isar wa ɗan hankici ko rigar filo ta sati biyu ba zai isar masa ba.

Gefe tukunna

Kafin ki sake sa allura ki ajiye aikin ki gyara bakin yadin. Aida saƙa ce mai sako-sako a baki, duk silin da ya zare ya tafi ke nan, kuma daga inci 3 ɗin nan naki yake ci. Mafi sauƙi ki kai wa tela mai keken wibin ya zagaye miki gefe huɗun da farin zare, ki tsaya a kansa ki roƙe shi kar wuƙar keken ta yanke miki yadi da yawa, kuma ya goge teburin keken saboda mai. In ba hali, zigzag na keken gida ma ya yi, in babu keke ki lanƙwasa bakin sau ɗaya ki bi shi da ɗinkin hannu manya-manya, aikin yamma ɗaya ne.

Abin da ba na so ki yi shi ne manna salatif ko farin tef ɗin nan na takarda. Za ki ga ana yi a bidiyo, amma waɗanda ke yi ba su san zafin watan Afrilu na Kebbi ba, lokacin da ake haura digiri 40 ɗakin kwano ya koma kamar tanda. Na taɓa yi wa wani zanen tebur haka, da zafi ya shigo gam ɗin ya narke ya shige cikin saƙar, ƙura ta bi ta manne, gefen ya koma ruwan ƙasa mai danƙo, ba irin wankin da ban yi ba, ƙarshe sai yanke shi na yi na rasa kusan inci guda ta kowane ɓangare. Har yau in na tuna raina ba ya mini daɗi don aikin wata uku ne.

Naɗi, ba ninki ba

Nan ne maganar take, kuma ba ya buƙatar ko sisi. Ki shimfiɗa yadin a kan gado mai tsabta, ki sa zobenki a inda kike aiki, sai ki kama gefen da ya fi nisa ki fara naɗe shi siriri kamar yadda ake naɗe tabarma, fuskar aikin tana ciki baya yana waje, har naɗin ya zo ya tsaya jikin zoben. Ki maƙale shi da makamin shanya na roba guda biyu ko uku, ko irin babban kilif ɗin gashi mai haƙora, ki yi haka ta ɗaya gefen ma. Abin da ya rage ta ƙasa ki tattaro shi ki haɗa da naɗin. Da kin gama za ki ga abin da ke hannunki ya koma ɗan ƙunshi, ba abin da ke lilo balle ya ja ƙasa ko ya lallaɓa ya shige bayan aiki allura ta haɗa da shi. Wancan ɗinke jelar da ya same ki, kusan duk mai babban aiki ya same ta, kuma dalilinsa ɗaya ne, yadi ne sake a ƙarƙashi inda ido ba ya gani. Ki saba da kai yatsa ki shafa bayan zoben duk sanda za ki fara sabon zare, in kin ji kauri biyu ki tsaya.

Dalilin da ya sa na ce fuska a ciki, duk abin da hannu zai taɓa ko ƙura za ta sauka kansa baya ne, bayan aiki kuwa bango zai kalla. Dalilin da ya sa na ce naɗi ban ce ninki ba, Aida na zuwa da sitaci mai ƙarfi, in kinka ninke shi a wuri ɗaya wata da watanni layin na zama kamar karin guga, datti kuma kan layin yake taruwa, a ƙarshe ki ga wani dogon zane ya ratsa sararin samaniyar hoton. Kilif na ƙarfe irin na ofis yana kamu sosai amma ki sa ɗan ƙyalle tsakaninsa da yadin, in damina ta yi nisa tsatsa yake, haka ma fil, kar ki bar shi ya kwana a jiki.

Sannan nauyin ƙunshin nan kar ya rataya a wuyan hannunki. In a tabarma kike zama ki jingina da bango, ki ɗora filo a cinya, ki rufe filon da tsohon zanen gado wankakke, naɗin ya kwanta kan filon, gefen zoben ma ya ɗan dogara a kai, hannun hagu aikinsa kawai ya tsai da shi kar ya motsa. In a kujera ne ki matso da ɗan tebur ta hagunki naɗin ya hau kai. Ciwon da kike ji daga matse zobe da babban yatsa ne awa biyu awa uku yadi guda na jansa ƙasa, ko tulu ne kika riƙe haka da yatsa sai ya gaya miki. Wata ƙaramar dabara, tunda yadinki fari ne, in kinka shimfiɗa yadi mai duhu a cinya ramukan sun fi fitowa, sai dai ki tabbata ba mai zuba ba ne, don atamfa sabuwa ko rini in sunka haɗu da zufa za su ba farin yadi launi.

Zoben da ke hannunki

Ba sai kin jefar da shi ba. Ni kaina manyan ayyuka da yawa da zobe na gama su, amma akwai ladabinsa. Na farko ki ɗauki na cikin, wanda ba shi da sukuru, ki naɗe shi kaf da farin bayas na auduga ko ki yayyanka tsohon farin yadi siriri ki naɗa, ki kama ƙarshen da ɗinki ta ciki. Wannan na sa ya riƙe yadi ba santsi ba tare da kin matse sukurun har wuya ba, kuma katakon na ciki ba ya taɓa aikin kai tsaye. Wanda na gani gun gwaggona a Argungu, wadda ta fara koya mini surfani, naɗin jikinsa har ya yi laushi don tsufa, in ya yi datti sai ta warware ta wanke ta mayar.

Na biyu, ɗamewa. Yadin ya miƙe kamar rariyar tankaɗe, in kinka buga da yatsa ki ji ya amsa, amma gidajen su tsaya murabba'i yadda suke. In za ki ja ki ja sama da ƙasa, sannan dama da hagu, bin saƙa, kar ki ja ta kusurwa, jan kusurwa shi ke karkatar da layi har ki ga hasumiya ta jirkice. Sukurun ki juya shi ya koma sama ta hagu in da dama kike ɗinki, saboda kar zare ya riƙa sarƙewa a jikinsa duk jan da kinka yi.

Na uku, kuma shi ne ya jawo miki da'irar nan: ki cire zoben duk sanda kinka tashi. Ba sai dare ba, ko sallar la'asar kinka tashi yi kuma kin san sai bayan isha za ki dawo, ki sassauta ki cire. Da'irar ba daga katako kawai take ba, wurin da yadi ya lanƙwasa kan zobe shi ne ya fi tudu, shi hannu ke goga, shi ke gogar cinya da tabarma, maiƙon hannu ya zauna ƙura ta hau. Maganinta ki yi wa zoben riga. Ki samu farin ƙyalle mai faɗin kamar inci 5, tsawonsa ya zagaye zoben, ki haɗa bakinsa, ki zura roba a gefe biyun kamar hular wanka mai buɗe sama da ƙasa, sai ki sa shi ya lulluɓe bakin zoben. Hannunki rigar zai riƙa kamawa, kuma in kinka yi ta da faɗi har naɗin yadin za ki iya cusawa ciki ki huta da makami. Ki ɗinka biyu, ɗaya na jiki ɗaya na wanki.

Za ki zo inda dole zobe ya hau kan ɗinkin da kinka riga kinka yi, kar ki ji tsoro, zaren zai ɗan kwanta amma yana tashi in anka wanke. Ki sassauta sukurun sosai kafin ki danna, kar ki tura shi da ƙarfi ya goge zare, ki sa ɗan farin ƙyalle a kan ɗinkin inda zai taka. In da hali ki ƙara girman zoben zuwa inci 8, ya rage miki yawan matsarwa, amma wanda ya wuce inci 10 yatsunki ba za su kai tsakiya ba, wani sabon ciwon ne.

Maganar firem

Iri biyu ne kike gani a bidiyon nan. Akwai na roba mai kusurwa huɗu da ake ce wa Q-Snap, akwai kuma na katako mai sanduna biyu da ake naɗe yadi a jiki sama da ƙasa. Duk biyun suna da kyau, kuma duk biyun ana iya yin kwatankwacinsu a nan gida, ba sai kin jira kaya daga waje ba.

Na robar ba komai ba ne illa bututun ruwa. Mai aikin famfo zai yanka miki fayif na rabin inci guda huɗu, ya haɗa da gwiwa huɗu ya zama murabba'i kamar inci 11 da 11, sannan ya yanko wasu guntaye huɗu ya tsaga su a tsaye ya cire kamar kashi ɗaya cikin uku, su zama kamar kwarya mai kama bututun. Kina ɗora yadi kan murabba'in, ki danna guntayen a kai, in kinka murɗa su waje yadin ya ɗame. Sharaɗi a goge bakin tsagar da samfefa har ya yi sumul, ki gwada da tsohon yadi tukunna, in ya ja zare ko sili ɗaya a sake gogewa, kuma ki wanke shi da sabulu don rubutun jikin fayif na iya zuba. Ki riƙa sa ƙyalle ƙarƙashin makaman, yana ƙara kamu yana kuma sauƙaƙa cirewa, kina jan ƙyallen makamin ya fito. Abin da nike so da shi, gidajen kuros murabba'i ne shi ma murabba'i ne, ba kusurwar da ke ɓacewa kamar a zobe, kuma ba ya barin kari mai kaifi. Aibinsa ya fi zobe nauyi, in za ki riƙe shi a iska da hannu ɗaya gara ma zoben, dole ya dogara kan filo ko bakin tebur.

Na sanduna kuwa aikin kafinta ne. Sanduna biyu zagayayyu masu santsi, a buga wa kowace ƙyalle mai ƙarfi a tsawonta, sai katako biyu na gefe masu rami da noti mai kunne da za a ɗaure. Bakin yadinki za ki ɗinke jikin ƙyallen, ki fara daga tsakiya ki yi dama, ki dawo tsakiya ki yi hagu, in kinka fara daga ƙarshe sai ya karkace. Daga nan sai naɗi, abin da kinka gama ya shige sanda, abin da ba ki kai ba yana ɗaya sandar, tsakani fili kamar taki ɗaya da rabi. Ba zobe ba kari ba jela, kuma in kinka ɗora shi kan hannayen kujera ko tsakanin tebur biyu hannuwanki duka biyu sun samu 'yanci, na dama a ƙasa na hagu a sama, allura na kai da komo, in hannu ya saba saurin ba kaɗan ba ne. Ki ce wa kafinta kar ya shafa fenti ko wani mai, ya goge kawai, kuma busasshen katako, ɗanye yana fid da ruwa mai launi. Gefe biyun da ba sanda sukan yi sako-sako, sai ki ɗaure su da zare mai kauri zuwa katakon gefe kamar igiyar takalmi.

Amma ga inda naki aikin ke da wuyar sha'ani. Dole sanda ta fi gefen da za a ɗinka mata tsawo. Hotonki kwance yake, faɗinsa inci 36, ke nan sanda wajen inci 38 ko 40, abu ne babba, juya shi don ki soke zare a baya ma aiki ne, ga ɗaki da yara. In kuma kinka ce bari ki kama ta gefen inci 26 ki yi aikin a kaikaice, ya yiwu, sai dai ki kula da abu guda da mutane da yawa ba su lura da shi sai sun yi nisa: in anka juya yadi kwata, zaren sama na kuros ɗin da ke kwance ta dama sai ya koma yana kwance ta hagu. Tunda kin riga kin yi wata biyu, in kinka juya kinka ci gaba da yadda hannunki ya saba, sabon ɗinkin zai saɓa wa tsohon, kuma in haske ya bugi hoton sai a ga kamar launi biyu ne ko da zare ɗaya ne, musamman a fili mai faɗi irin sama ko koren ƙubbar nan. Sai kin juya hannunki kin bi yadda na farkon ya kwanta. Saboda wannan, da ni ce ke, ba zan canza zuwa sanduna a tsakiyar wanga aiki ba, zan yi na fayif ko in zauna kan zobe mai riga da naɗi, in bar sanduna sai aiki na gaba da zan fara da su tun ranar farko. Irin mai ƙafa da ke tsayawa a ƙasa da kansa ban yi aiki da shi da zan ba ki shaida ba, wanda na sani shi na gaya miki.

Akwai kuma masu yi ba zobe ba firem, a hannu kawai. Ki dubi masu aikin babbar riga da ke zama gindin bishiya ko bakin shago, aska takwas guda za su fitar ba wani katako, rigar na tattare kan cinya da gwiwa, ɗan wurin da suke ciki kawai ke tsakanin yatsu. Su ma ka'idar ɗaya ce, cinya ke dako hannu ke ɗinki. A kuros ma ana yi, allura ta shiga ta fita a tafiya ɗaya, yana da sauri kuma ba kari ko kaɗan. Sai dai yana son hannun da jansa ya daidaita, don Aida na laushi in sitacinsa ya fita, kuma aiki mai cike irin naki duk zaren gefe ɗaya yake ja, in kina matsawa kaɗan-kaɗan ba ki sani ba sai kin shimfiɗa ki ga hoton ya zame ya daina zama kusurwa huɗu daidai. Ban ga jan hannunki ba, don haka ba zan ce ki yi ko kar ki yi ba, ki gwada a ɗan guntu mai gida 40 da 40 ki shimfiɗa ki duba.

Ƙura, zufa da sauransu

Yadda kike bin hoton ma yana cikin riƙo. Ki yi ƙoƙari ki riƙa cinye shi daga sama zuwa ƙasa, yanki-yanki, abin da kinka gama ya shige naɗi ya huta, hannu ya riƙa hawa kan inda ba a ɗinka ba. In ba ki ja layin ƙirga ba tun farko, har yanzu lokaci bai ƙure ba, takardar zanen da kike bi ita kanta gida goma-goma aka raba ta da layi mai kauri, ki yi irinsa a yadin. Alƙalamin nan shuɗi mai fita da ruwa yana yi amma zafi na iya kama shi ya ƙi fita, shi ya sa na fi son siririn zaren roba na masunta mai launi, irin wanda ake samu wajen masu kayan kamun kifi a Yauri ko Argungu. Ki zura shi duk bayan gida goma, allura ba ta iya huda shi, in kin gama ki ja ya fito sumul. Amfaninsa ga maganarmu, duk sanda kinka cire zobe kinka mayar ba sai kin warware naɗi kina ƙirgowa daga gefe da yatsa ba, yawan taɓawar nan ita ke kawo datti.

Hannu kuwa a wanke da sabulu a bushe kafin a zauna, kullum, ko da kin ga kamar ba komai. Da hunturu hannu na kaushi yana kama zare yana tayar masa da gashi, to man kaɗe ko basilin da dare za ki shafa in za ki kwanta, ba lokacin ɗinki ba. In kinka yi lalle ki ba shi kwana biyu. Turaren wuta kar a yi shi aikin na buɗe, hayaƙin na zama a farin yadi ya mai da shi ruwan ƙwai a hankali, haka hayaƙin murhu. Da bazara ki ajiye ɗan tawul kusa, in zufa ta fara ki tashi, gara ki yi da sassafe ko bayan isha ƙarƙashin fitilar sola, hasken ya zo ta kafaɗar hagu. Zaren da za ki yanka kar ya wuce kamu ɗaya, sili biyu cikin shidan nan, allura mai dakusasshen baki lamba 24, kuma in kin tashi kar ki soke ta a cikin hoton, can gefe a filin da gilashi zai rufe, ko ma ki cire ta gaba ɗaya. Allura ɗaya da ta kwana uku a yadi cikin watan Agusta ta isa ta bar ɗigon tsatsa biyu da ba sa fita.

Wurin ajiya, ki roƙi masu sai da yadi ko leda kwalin nan dogo da kayansu ke zuwa a naɗe, ki lulluɓe shi da farin ƙyalle, ki naɗe aikin a jiki ki zura cikin rigar filo, ki ɗora kan wadirob ko cikin akwati inda yara da ɓera da gara ba sa kai. Leda tana tare ƙurar hunturu amma da damina tana riƙe danshi har funfuna ta fito, to rigar filo ta fi. Tunda ma hoton masallacin Manzon Allah ne, sallallahu alaihi wa sallam, na san ke kanki ba za ki so ganinsa yashe a ƙasa ana tsallakawa ba.

Ciwon hannun nan kar ki raina shi. Duk kamar minti 30 ki ajiye ki miƙe yatsu ki juya wuya ki kalli nesa. In kin gyara zama da riƙo sati biyu bai ragu ba, ko kinka fara jin babban yatsa da na kusa da shi suna mutuwa ko suna tsira-tsira har su tashe ki da dare, wannan ya wuce sanina, ki je asibiti a duba.

Da'irar da ta riga ta fito kuma, kar ki sa mata ruwa da soso yanzu, goge wuri ɗaya yakan bar tabon ruwa da ya fi dattin muni, ga shi kina iya tayar da zaren da ke kusa. In hoton cike ne ɗinki zai rufe mafi yawanta, saura kuma wankin ƙarshe zai ɗauke. Ranar da kinka gama ki samu ruwa mai sanyi mai tsabta, ba na rijiyar da ke da ja ba, ko na leda ne ki saya, ki sa sabulu mai laushi kaɗan, ki jiƙa kamar minti 15 kina motsawa a hankali, ba cuɗawa ba murɗawa, ba bilic ba bula. Ki ɗauraye har ruwan ya fita fes, ki shimfiɗa kan farin tawul ki naɗe ki danna ya tsotse ruwan, ki shanya a kwance cikin inuwa, yana da ɗan sauran laima ki kifa shi kan busasshen tawul ki goge ta baya da ƙyalle a tsakani, in dutsen gawayi ne ki kula da toka ƙwarai. Kafin wannan rana ki ɗauki guntun koren zaren ƙubbar da duk wani ja ko baƙi da ke cikin kayan, ki jiƙa ki matse cikin farin ƙyalle ki gani ko suna zuba, don zaren da ke zuwa cikin irin kayan nan ba duka ne masu riƙe launi irin na kamfanin DMC ko Anchor ba. In kin ga ya ba ƙyallen launi ki sake turo mini saƙo kafin ki sa aikin a ruwa, ki haɗo da hoton gaba da na baya in ga yadda jan zarenki yake. Ki gaida Inna.